Tambaya da Amsa: Karate zai gyara yaro mai zafin zuciya ko zai ƙara masa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni uwa ce daga unguwar Bagalam a Maradi. Ina da yaro ɗan shekara 10 mai saurin fushi, wanda da wuya mako ya wuce ba a kawo mini ƙararsa ba, ko daga makarantar boko ko daga ta allo. Kawunsa ya ba da shawarar a sa shi karate ko taekwondo, wai a can ake koya wa yara ladabi, mahaifinsa kuwa ya ce ba zai miƙa wa mafaɗaci makami da hannunsa ba. Don Allah wanne ne mai gaskiya a cikinsu?

AMSA: Wa alaikumus salam, Hajiya, Allah ya shirya mana zuri'a. Kawun yaron da mahaifinsa kowanne ya riƙo gefe ɗaya na gaskiya, kuma abin da zai raba gardamarsu shi ne mutumin da za ki damƙa wa yaron, domin sunan wasan kaɗai ba ya gyara kowa.

A shekarar 1986 wani mai bincike a Amurka, Michael Trulson, ya raba wasu samari masu yawan rigima gida uku, ya bi su har wata 6. Kashi na farko an koya musu taekwondo da dukan ladubbansa, wato zaman natsuwa, da nasiha, da girmama abokin karawa. Kashi na biyu an koya musu duka da kariya zalla, na uku kuwa wasannin motsa jiki kawai suka yi. Zafin zuciyar kashi na farko ya ragu, na kashi na biyu kuwa ƙaruwa ya yi. A ƙasar Norway ma, wani bincike da aka buga a 2005, wanda ya bi yara maza masu shekara 11 zuwa 13 tsawon shekara 2, ya gano cewa masu wasannin ƙarfi irin su dambe da kokowa sun fi sauran shiga rigima a waje. Saboda haka tsoron maigidanki yana da tushe, kuma bai kamata a yi watsi da shi ba.

Sai dai waɗanda suka kafa waɗannan wasanni sun san da wannan haɗari tun farko. Jigoro Kano, wanda ya buɗe makarantar judo, wato wata irin kokowa ta Japan, mai suna Kodokan a Tokiyo a 1882, malamin makaranta ne, kuma ya ɗora wasan a kan amfani da ƙarfi yadda ya dace da kuma amfanar juna tsakanin masu karawa. Gichin Funakoshi, wanda ya kai karate Tokiyo daga tsibirin Okinawa a 1922, ya bar wa almajiransa ƙa'idar cewa ɗan karate ba ya fara kai hari. Wanda ya cire waɗannan ya bar naushi da shuri, bai koyar da karate ba, dambatuwa ya koyar.

Yadda horon yake shiga cikin halin yaro ba abu ne ɓoyayye ba. Yaro mai saurin fushi yawanci ba mugu ba ne, tazarar da ke tsakanin ɓacin ransa da ɗaga hannunsa ce ta yi kaɗan, kuma wannan tazarar ce horo mai kyau yake faɗaɗawa. Ana sa shi ya kai naushi ya tsayar da shi kafin ya taɓa fuskar abokinsa, ana sa shi ya tsaya cak da zarar malam ya ce a tsaya ko da shi ke da galaba, ana sa shi ya jira layinsa ya zo. Idan ya maimaita haka sau ɗaruruwa a lokacin da zuciyarsa ke bugawa, gumi na zuba, jikinsa yakan saba da tsayawa cikin zafi, abin da nasihar baki kaɗai ba ta iya koya masa. A judo kuwa abin da ake fara koya wa sabon shiga shi ne yadda zai faɗi ba tare da ya ji ciwo ba, kuma a ganina babu darasin da ya fi wannan amfani ga yaron da ba ya jure a kayar da shi a gaban tsaransa.

Na taɓa zama a gefen wani filin horo da la'asar sakaliya, na ga wani babban yaro ya shure ƙarami fiye da kima, ƙaramin ya tashi idonsa ya yi ja, ya dunƙule hannu. Malamin bai ɗaga murya ba. Ya zaunar da su biyun a gabansa, ya sa ƙaramin ya ja numfashi yana ƙirgawa har goma, ya sa babban ya cire ɗamararsa, wadda launinta ke nuna matakin da ɗan wasa ya kai, ya koma sahun sababbin shiga har aka tashi, sannan suka yi musafaha. Irin wannan malamin nake so ki nema.

Mu nan Maradi ba baƙin wannan tarbiyya ba ne. Da aka fara gasar kokowa ta takobin ƙasa a Tahoua a 1975, ɗan jihar nan, Yakuba Ango Kantu, shi ya fara ɗaukar takobin, kuma filin kokowarmu sunansa yake ɗauke da shi. Duk wanda ya taɓa zama a filin nan ya san cewa ana yin kirari, makaɗa na zuga, amma da an yi kaye magana ta ƙare, kuma ɗan kokowar da jama'a suke ƙauna shi ne wanda yake ɗaga abokinsa daga yashi ya rungume shi. A taekwondo ma ƙasarmu ta ga amfanin haƙuri da horo, domin Abdul Razak Isufu Alfaga ya samo lambar azurfa a gasar Olimfik ta Riyo a 2016, lambar Nijar ta biyu bayan tagullar da Isaka Dabore ya ci a dambe a 1972, sannan ya zama zakaran duniya a 2017.

Shawarata ita ce ku tafi ke da mahaifinsa ku zauna ku kalli horon sau biyu ko uku kafin ku biya ko dala, tunda gani ya kori ji. Ku lura da yadda malamin yake yi da yaron da ya fi kowa rauni, da abin da yake faɗa idan yaro ya yi kuka. Idan kun ga yana zagi ko bulala, ko yana haɗa ƙanana da manya don ƴan kallo su yi shewa, ko yana barin yara suna bugun juna a kai ba tare da kariya ba, ku ɗauki ɗanku ku tafi. Ku tambaye shi kai tsaye hukuncin da yake yi wa almajirin da ya yi faɗa a unguwa, domin malamin kirki yana da amsa a shirye, kuma yakan dakatar da yaron ko ya hana shi gwajin ɗamara. Ku kuma faɗa masa halin ɗanku ba tare da ɓoye komai ba.

Abu ɗaya ya rage, kuma shi ya fi damuna. Fushin yaro ɗan shekara 10 yakan kasance da dalili, ko ana tsokanarsa a makaranta, ko karatu ya gagare shi yana jin kunya, ko kuma a gida ma da duka ake warware kowace matsala. Awa biyu ko uku a mako a filin horo ba za su rinjayi abin da yake gani kullum ba, don haka ki zaunar da shi cikin lallashi ki ji abin da ke cinsa, kuma kada ki sa ran ganin canji kafin wasu watanni.

TAMBAYA: Ni mahaifi ne daga Ɗan Gulbi. Ɗiyata ƴar shekara 8 tana da tsananin kunya da tsoro, kuma tana son shiga taekwondo, amma sunkuyawar da suke yi wa juna tana damuna ta fuskar addini.

AMSA: Malam, damuwarka tana kan hanya, kuma hukuncin sunkuyawar a wurin malaman addini za ka nema, ba a wurina ba. Abin da zan iya faɗa shi ne cewa a wurin masu wasan gaisuwa ce irin ta mutanen Koriya da Japan, kuma manufarta ita ce yaro ya nuna bai zo da ƙiyayya ba. Ka yi magana da mai horarwa tun ranar farko ko zai yarda ta yi sallama ta ɗora hannu a ƙirji a lokacin horo, amma ka sani cewa a gasa alƙalai sukan nemi a yi gaisuwar yadda dokar wasan ta tanada.

Game da kunyarta kuwa, yara irinta suna cikin waɗanda suka fi cin moriyar wannan horo, domin ci gabansa a bayyane yake. Yarinyar da ta fara da farar ɗamara, ta tsaya ita kaɗai a gaban jama'a ta yi gwaji, ta ɗaga murya, aka ɗaura mata ta gaba, ta ga da idonta cewa ƙoƙarinta ne ya kawo ta nan. Ka nemi wurin da ake da wasu ƴan mata, wanda iyaye suke da izinin zama su kalla, da sutura mai rufe jiki, kuma a watannin Afrilu da Mayu ka tabbata ana horon ne da sanyin safiya ko bayan la'asar, ta kuma riƙa tafiya da ruwan sha.