Fatsa, Ƙugiya da Jar Koma: Amsar Tambaya daga Auyo

Wani ɗalibi daga Auyo a jihar Jigawa ya aiko da tambaya. Ya ce mahaifinsa masunci ne, yana kamun tarwaɗa da kwale-kwale a kogin Haɗeja, amma shi bai san bambancin fatsa da ƙugiya ba. Ya kuma nemi ma'anar "kifi na ganinka mai jar koma".

Ɗana, na ji daɗin tambayar nan, domin kalmomin su, wato kamun kifi, suna cikin waɗanda ke suɓuce wa yaranmu.

Ƙugiya ita ce lanƙwasasshen ƙarfen kansa, jam'inta ƙugiyoyi. Ba ta masunta kaɗai ba ce: da ita ake ciro guga idan ya faɗa rijiya, kuma saboda siffarta muke kiran ɓ, ɗ da ƙ haruffa masu ƙugiya. Fatsa kuwa ta haɗa ƙugiya da zare da sanda, ita ce kuma sunan aikin, shi ya sa ake cewa "ya tafi fatsa". Idan aka jera ƙugiyoyi da yawa a doguwar igiya aka shimfiɗa a ruwa daga cikin jirgi, wannan mamari ne. Dukansu suna ƙarƙashin su, wanda daga gare shi aka sami masunci da masunta.

Ka zauna kusa da mahaifinka ranar da yake ɗaure ƙugiyoyi, za ka ji yana kiran su da lamba. Abin da ke rikita baƙo shi ne, a ƙugiyoyin da aka saba saye a kasuwa, lamba na hawa ƙugiya na ƙanƙancewa: lamba 14 ta karfasa ce da ƙananan kifi, ba ta kai lamba 7 ba. Tarwaɗa tana da faffaɗan baki, tana kiwo a ƙasan ruwa, galibi da dare, tana laluben abinci da gashin bakinta. Ƙaramar ƙugiya sai ta haɗiye ta har ciki, ko ta miƙar da ita ta tafi. Wadda ta yi girma da yawa kuma, sai ƙananan kifi su tsattsage tanar ko hanjin kazar da aka maƙala, a wayi gari ƙarfe tsirara. Kuma in ta shigo jirgi, kula da ƙayar da ke gefen kanta. Sukarta na da zafi.

Sai karin maganar. Da yawa suna ɗauka "jar" daga jan abu ne, wato mai janyo koma, ragar kamun kifi. Nahawu bai yarda ba. Da haka ne, da "jan koma" za a ce, kamar jan ruwa da jan kunne. Koma kalma ce ta mace, saboda haka "jar koma" launi ne, kamar jar hula. Masunci yana sanɗa, yana zaton ya ɓuya, alhali jan launin komarsa ya riga ya tona shi. Ana faɗa wa mai ƙulla makirci da ke ganin ba a gane shi ba.

Ina roƙonka abu guda: ka tambayi Baba yadda suke rarrabe tarwaɗa da ramboshi da ƙurungu a bakin ruwanku, ka rubuto mini yadda ya faɗa, da lafazinsa na Haɗeja, kada ka gyara masa.