Haɗari, gargaɗi da hattara, wanne ya fi nauyi?

Wani ɗan'uwa mai sayar da janareta a Sabon Gari Kano ya tambaye ni, wai yana son manna wa kwastomominsa takarda da Hausa, shin haɗari da gargaɗi da hattara duk ɗaya ne, kuma ko ya sa karin magana a ciki?

Malam ba ɗaya ba ne. Duba littafin da ke zuwa a kwalin injin, masu ƙera kaya sun jera kalmomin hawa-hawa ne da launi. Ja na abin da tabbas zai kashe ko ya yi mummunan rauni, nan ne gurbin haɗari. Ruwan lemo na wanda zai iya kashewa, gargaɗi kenan. Ruwan ɗorawa na ƙaramin rauni kamar ƙuna a jikin salansa, sai ka ce hattara. Shuɗi kuwa injin ne zai lalace ba mutum ba, "a kula" ta wadatar.

Amma ni shawarata ka rubuta hatsari. Ma'anarsu ɗaya da haɗari, sai dai masu buga takarda suna yawan yar da lanƙwasar ɗ, kafin ka ankara ya koma hadari na ruwan sama, kuma ka ga ai an bar hanya. Jan kunne ma bar shi, wanda ya riga ya yi laifi ake ja wa kunne.

Zancen karin magana kam a'a. Na san "in kunne ya ji, jiki ya tsira" kake hange, kuma gaskiya ce, amma aikin karin magana sakaya zance ne, mai sauraro ya warware da kansa, shi kuwa wanda ya tayar da inji ƙarfe 2 na dare saboda zafi ba shi da lokacin warwara. Wallahi abin da ya fi damuna kenan, mun saba da kara har muna jin nauyin ambaton mutuwa, sai a rubuta "yana iya cutarwa" alhali iskar gubar da ke cikin hayaƙin ba ta da wari ba ta da launi, mutum yana barci za ta ɗauke shi.

Ga yadda zan rubuta in ni ne: "HATSARI. Hayaƙin janareta yana kashe mutum cikin mintoci. Kada ka kunna shi a ɗaki ko shago ko zaure, ko da ƙofa da taga a buɗe suke. Ajiye shi a fili, mita 6 daga taga." Ka sa hoto a gefe saboda wanda bai iya boko ba, in da wuri ka ƙara da ajami.