Me ya sa garuruwa maƙwabta ke haɗa kuɗi su sayi fili su bar shi ba gini?

Tambaya: Na ji cewa a wasu ƙasashe garuruwa biyu ko uku da ke maƙwabtaka da juna kan haɗa kuɗi su sayi fili, sannan su hana a yi gini a kansa. Mene ne amfanin kashe dukiyar jama'a a kan filin da ba zai kawo haraji ba, kuma wane ne ke da shi bayan an saya?

Amsa: Malam, filin da ake irin wannan haɗin gwiwa a kansa galibi yana bakin iyaka ne, kamar kurmi, ko fadama, ko tudun da rafi ke gangarowa daga gare shi, kuma amfaninsa ba ya tsayawa inda taswira ta ja layi. Idan aka sare itatuwan tudu aka shimfiɗa kwalta da siminti, ruwan saman da ƙasa ke shanyewa a da zai kwararo gaba ɗaya, kuma garin da ke gangare ne zai kwana da ambaliya ko da bai karɓi ko sisi daga harajin sabbin gidajen ba. Idan kuwa gari ɗaya ya saya shi kaɗai, maƙwabta za su ci moriya ba su biya ba, shi ya sa kowa kan noƙe yana jiran ɗan'uwansa har mai neman gini ya riga su.

Za ka iya cewa ai doka ta isa ta hana gini. Tana hanawa, amma majalisar da ta kafa dokar tsara gari a bana, wata majalisar na iya warware ta baɗi, alhali filin da aka biya kuɗinsa aka rubuta sharaɗi a takardarsa yana da wuyar taɓawa. Batun haraji ma yana da fuska biyu, domin sabuwar unguwa tana kawo kuɗin shiga, amma tana zuwa da buƙatar hanya da bututun ruwa da makaranta, kuma duk hukuma ce za ta ɗauki nauyinsu.

Abin ba sabo ba ne. A 1934, ana tsakiyar matsin tattalin arziki a Amurka, masu zaɓe a garuruwa bakwai na jihar Kalifoniya, ciki har da Oakland da Berkeley, suka amince da ƙarin harajin santi 5 a kan kowace dala 100 ta darajar kadara, suka kafa hukuma guda ta wuraren shaƙatawa. A 1936 hukumar ta sayi filayenta na farko daga hukumar ruwa ta yankin. A Ingila kuma, dokar 1966 ce ta kafa hukumar kula da wurin shaƙatawa na kwarin kogin Lee, wadda birnin Landan da yankunan Essex da Hertfordshire masu maƙwabtaka da shi ke zuba mata kuɗi.

Game da mallaka, ana iya rubuta sunayen garuruwan duka a takarda ɗaya, kowane da kasonsa, ko kowa ya riƙe ɓangaren da ya faɗo cikin iyakarsa, ko a kafa hukuma mai zaman kanta kamar misalan nan biyu. Wani lokaci ma ba a sayen filin ɗungurungum, sai a sayi haƙƙin yin gini kawai, manomi ya ci gaba da nomansa, sharaɗin kuma ya bi filin duk wanda ya gada ko ya saya.

A ganina, ranar sayen ita ce mafi sauƙi, domin kowa na murna. Wahalar tana zuwa ne bayan shekaru, ranar da iska ta kayar da itace ya tare hanyar masu tafiya a ƙasa daidai kan iyaka, ko ciyawa ta bushe ana fargabar gobara, kowane gari yana cewa aikin ɗayan ne. Don haka nake dagewa cewa kafin a biya mai fili, a rubuta yadda za a raba kuɗin kulawa, ko bisa yawan jama'a ko bisa darajar kadarori, a fayyace wanda zai ɗauki ma'aikata, a kuma toshe ƙofar da gari ɗaya zai bi ya sayar da kasonsa idan aljihunsa ya yi sanyi.

Akwai ƙorafin da ban yarda a raina shi ba: hana gini a wurin da ake ƙarancin gidaje na iya tsawwala kuɗin haya a kan marasa ƙarfi. Garuruwan da suka killace bakin iyakarsu ya wajaba su sassauta dokar gini a cikin gari, su ba da damar benaye da ƙananan gidaje kusa da hanyoyin sufuri, a kuma yanke shawarar biyun a zama ɗaya.