Tambaya da Amsa: Hanyar da ta fito a taswira ta kowa ce?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina cinikin wata gona a wajen Kalgo. Da na duba Google Maps sai na ga wata siririyar hanya marar suna ta ratsa tsakiyarta. Mai gonar ya ce yanke ne kawai na 'yan kabu-kabu, maƙwabcinsa kuwa ya ce burtali ne tun na kakanni. Idan na saya, ina da ikon toshe ta? Daga mai karatu a Birnin Kebbi.

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, dakata da biyan kuɗi tukuna. Taswirar waya ba ta raba wannan gardama. Daga hoton tauraron ɗan'adam ake zana yawancin irin waɗannan layuka, wasu kuma masu amfani da manhajar ne ke ƙarawa. Inda ƙafa ta taka take nunawa, ba ta faɗin wanda ke da haƙƙin takawa. Haka ma tsofaffin taswirorin safiyo masu ma'aunin 1:50,000.

Fara da gwaji mai sauƙi. Buɗe Google Earth, ka nemi tsofaffin hotunan wurin, ka gwada na rani da na damina. Yanken da babura da amalanke ke yi bayan girbi yakan ɓace da zarar an yi huɗa. Hanyar da ta ci shekaru gero na tsaye dama da hagu, ita kuma tana nan fili, wannan akwai maganar da ke bayanta.

Sannan ka je da ƙafarka, ka bi ta daga farko har ƙarshe. Burtali yana da kamanni: ya fi hanyar ƙafa faɗi, sau da yawa za ka ga shingen aguwa ko bini-da-zugu a gefensa, ƙasar ta daddale da kofato, kuma yana da inda ya nufa, mashaya ko makiyaya ko fadama. Inda hukuma ta shata, ana iya samun turakun siminti. Sai dai rashin turaku ba hujja ba ne, domin akwai masu tumɓuke su da dare su ci burtalin kaɗan-kaɗan, kunya ɗaya bana, biyu baɗi. Wanda ya saya daga baya shi ke gadon rigimar, ranar da garke ya iso cikin Agusta ya tarar da shuka a hanyarsa.

Wajen shaidu, kada ka tsaya ga wanda mai gona ya kawo maka. Tambayi mai unguwa, da hakimi, da sarkin noma, da ardon yankin, kowa daban. In bakinsu ya zo ɗaya, a rubuta faɗin hanyar da iyakokinta cikin takardar ciniki, su sa hannu, uban ƙasa ya buga hatimi.

Ta fuskar doka, Dokar Amfani da Filaye ta 1978 ta danƙa ƙasar jiha a hannun gwamna, filayen karkara kuma ƙaramar hukuma ke ba da izinin mallaka na gargajiya. Don haka ka leƙa sashen gona na ƙaramar hukumar da ofishin safiyo na jiha ka tambaya ko hanyar na cikin burtalan da aka yi wa rajista, ko tana shiga makiyayar da aka keɓe ƙarƙashin dokar Jihar Arewa ta 1965. In haka ne, takardar cinikinka ba ta ba ka ikon rufe ta. In kuma hanyar ƙafa ce da maƙwabta ba su da wata mafita sai ita, alƙali zai duba cutarwar da toshewar za ta jawo. Hadisin Abu Huraira da ke cikin Buhari da Muslim ya ce idan an yi saɓani kan hanya a sanya faɗinta zira'i bakwai, wato mita uku da ɗoriya.

Idan ta tabbata hanyar jama'a ce, a auna tsawonta da faɗinta a cire daga farashi. Mai tsawon mita 200 da faɗin mita 10 ta cinye kashi ɗaya cikin biyar na hekta ke nan, kuma bai kamata ka biya kuɗinsa ba.