Shin Ƙuri'a Za Ta Iya Kawo Gurguzu a Ƙasar Jari-Hujja?

Tambaya: Wani ɗalibi daga Zariya ya ce, idan jam'iyyar gurguzu ta ci zaɓe a ƙasar jari-hujja, za ta iya sauya tsarin ba tare da juyin juya hali ba?

Amsa: Malam, zaɓe yana ba ka gwamnati, amma bankuna da masana'antu da barikin soja ba sa cikin akwatin ƙuri'a. Har yau babu ƙasar da ta fita daga jari-hujja gaba ɗaya ta hanyar zaɓe kaɗai, ko da yake an gwada sau da dama.

Chile ce ta fi kusa. Salvador Allende ya ci zaɓen 1970 da kusan kashi 36 cikin 100, ba shi da rinjaye a majalisa. A 1971 an mayar da manyan ma'adinan tagulla hannun gwamnati, majalisa duka ta amince. Daga nan aka shiga tsaka mai wuya. Masu kuɗi suka daina zuba jari, Amurka ta toshe hanyoyin rance, masu manyan motoci suka tafi yajin aiki a Oktoban 1972, kaya suka ɓace a kasuwa. Ita ma gwamnatin da nata laifin: ta ƙara albashi tana buga kuɗi, hauhawar farashi ta haura kashi 500 a 1973. Ranar 11 ga Satumban shekarar, soja suka kifar da ita, Janar Pinochet ya hau mulki.

A Faransa ba a harba ko harsashi ɗaya ba. Mitterrand ya ci zaɓe a 1981, ya mayar da bankuna da manyan kamfanoni na gwamnati a 1982. Kuɗi suka riƙa tserewa waje, aka karya darajar kuɗin ƙasar sau uku, a Maris na 1983 ya koma tsuke bakin aljihu. Wannan ya fi na Chile zama darasi, domin gwamnati na zama da harajin da ke fitowa daga cinikin masu jari. Idan suka kulle aljihu, talakan da ya zaɓe ka shi ne zai fara rasa aiki.

Namu na gida ma haka ne. Balarabe Musa na jam'iyyar PRP mai ra'ayin gurguzu ya ci gwamnan Kaduna a 1979, majalisar da jam'iyyar NPN ke da rinjaye ta ƙi amincewa da kwamishinoninsa, ta tsige shi a Yunin 1981.

Abin da zaɓe ke iya kafawa ya zauna shi ne amfanin da kowa ya ɗanɗana. Gwamnatin Attlee a Birtaniya ta karɓe kwal da jirgin ƙasa, ta kuma kafa tsarin lafiya kyauta a 1948. An sayar da kwal da jirgin a shekarun 1990, amma asibitin kyauta babu jam'iyyar da ta iya soke shi. 

Mai son wuce nan sai ya tanadi rinjaye a majalisa kafin ya taɓa dukiyar kowa, da dokar hana fitar da kuɗi tun makon farko, da ajiyar kuɗin waje da za ta sayo abinci da mai na watanni, da ƙungiyoyin ƙwadago masu iya tafiyar da sufuri in masu motoci sun ajiye makullai. Allende ƙungiyoyin ƙwadagon kawai yake da su sosai.