Wai wane sabis ɗin? Amsoshin saƙonninku na wannan satin

Saƙo uku na ɗauko yau, kuma duka ukun kalma ɗaya ce ta ci musu kuɗi ko ta hana su barci, wato sabis. Turanci ce amma ta daɗe da zama 'yar gida, kuma kowane mai sana'a da abin da yake nufi in ya faɗe ta.

Wani matashi daga wani ƙauye a Gezawa: "Wayata ba ta kawo sabis a gida sai na hau tudu. Na kai wa mai gyara, ya ce sai an yi mata sabis, na biya, na dawo gida ba abin da ya canza. In sayi stikar nan da ake mannawa a bayan waya mai jawo sabis?"

Haba ɗan samari. Kai kana maganar netwok, shi yana maganar ya buɗe waya ya goge ƙura da buroshi da sifirit, kowa ya ce sabis kuka rabu lafiya. In a kan tudu tana kamawa to wayarka ƙalau take, ƙarfen sabis ne ya yi muku nisa. Ka ari layin wani kamfani a wajen maƙwabci ka gwada a ɗakinka, wanda ya kama shi za ka saya. Stika kuwa leda ce da gam, kuɗin ka sayi ƙosai ya fi maka.

Wani manomin rani daga Kadawa: "Na kai injin ban ruwana sabis kafin dashen tumatir, ko wata bai yi ba ya fara hayaƙi, yanzu an ce sai an canza rin da fistin. Laifin wa?"

Malam, sannu da asara, amma bari in tambaye ka, da bakaniken ya ce zai yi sabis ka tambaye shi me da me zai yi? Don a bakin wani sabis shi ne ya juye baƙin mai ya zuba sabo shikenan, a bakin wani kuma har da wanke kafireta da duba fulogi da kakkaɓe matatar iska, kuma kuɗin da za su ce maka kusan ɗaya ne. Sannan wa ya sayo man? Nan nake zargi. Mutanenmu sai su miƙa kuɗi su ce "ka sayo mai kyau" su tafi sallar la'asar, su dawo an rufe inji an goge shi fes. Me aka zuba? Allahu a'alamu.

Jabun baƙin mai ya fi ɓarawon dare ɓarna wallahi, don shi ba ka jin shigowarsa. Akwai na awo da ake sayarwa a gorar ruwa a bakin titi, ba suna ba lamba, akwai kuma wanda ya fi muni, tsohon man da aka juye daga mota a tace shi a ɗura a galan mai suna a liƙe murfi kamar daga kamfani. Na taɓa zama a wata rumfar gyaran babur ranar kasuwa ina jiran a ɗaure min sarƙa, sai ga wani yaro da buhu yana bin rumfuna yana sayen galan ɗin mai da aka gama amfani da su, yana zaɓar masu tsabta waɗanda takardarsu ba ta yage ba, yana ma neman murfinsu. Kana ganin shuka zai yi a ciki? Tun ranar in na juye mai sai na sa wuƙa na huda galan ɗin kafin in bar wajen.

Abin haushin shi ne irin injinan nan ko lita ɗaya ba sa ci, na Honda GX160 wajen lita 0.6 ne, littafinsa ma ya ce a canza bayan awa 20 na farko, daga nan duk awa 100. Mutum ya kashe dubbai a taki da iri da fetur da 'yan dashe, sai a kan man da bai cika gora ba yake neman araha. Ka sayo da kanka a gidan mai ko wajen dila da ka sani, ka duba hatimin murfi da lambar da littafin injinka ya ce, a buɗe a gabanka, ka tsaya har tsohon ya gama tsiyaya. In bakanike ya ji haushin tsayuwarka to ka canza bakanike. Kuma kullum kafin ka ja igiya ka zaro ma'aunin ka duba, don wani lokacin ma ba jabu ba ne, man ne ya ƙare kana can kana gyaran kwami.

Wata baiwar Allah daga wajen Ringim, jikarta ce ta rubuta mata: "Ɗana ya gama jami'a ya ce zai tafi sabis, na yi murna na zaci aikin gwamnati ya samu tunda marigayi babansa shekara 35 ya yi a sabis. Yanzu ya ce sai na ba shi kuɗi. Ko yaudarata yake? In sayar da saniyata?"

Inna, ki kwantar da hankalinki, yaronki bai yi miki ƙarya ba. Sabis ɗin marigayi aikin gwamnati ne mai fansho, nasa kuma bautar ƙasa ce ta shekara ɗaya, wadda aka fara tun 1973 zamanin Gowon. Zai yi sati uku a sansani, kaki da takalmin but su za su ba shi, alawus kuma daga 2025 ya koma naira 77,000 a wata. Abin da zai buƙata daga gare ki kuɗin mota ne da fararen riguna da gajerun wanduna da farin takalmi da ɗan abin kashewa, wannan ko akuya ɗaya ta isa, ki bar saniyarki ta ci gaba da ba ki nono. Sai dai ki ja masa kunne, duk wanda ya ce a turo kuɗi zai gyara masa jihar da za a tura shi, kada ya tura ko sisi. Allah ya kai shi lafiya ya dawo miki da shi lafiya.

Tunda an taɓo saniya, in malamin dabbobi ya ce miki ta isa sabis, barbara yake nufi, ba baƙin mai za a canza mata ba.