Ɗalibaina sun iya i'irabi amma ba sa iya magana da Larabci: in ajiye littafi ne?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina koyar da Larabci a wata Islamiyya a Mabera, cikin garin Sakkwato. Ɗalibaina sun haddace littafin nahawu na Ajurumiyya, in na ba su jumla sai su yi mata i'irabi tsaf, wato su faɗi matsayin kowace kalma a cikinta, amma in na tambaye su da Larabci abin da suka karya da shi da safe sai su yi tsuru-tsuru. Na ji ana koyar da harshe da hira zalla, babu littafi. Shin in ajiye nawa littafin?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya saka da alheri. Kada ka ajiye shi, amma ka daina buɗe darasi da shi.

Abin da ya sami ɗalibanka tsohon ciwo ne. A ƙarni na 19 wani malami Bafaranshe, François Gouin, ya tafi Hamburg koyon Jamusanci. Ya haddace littafin nahawu, ya haddace ƙamus, amma da ya zauna cikin Jamusawa bai gane abin da suke faɗa ba. Da ya koma gida sai ya tarar da wani yaron danginsu ɗan shekara uku, wanda ya bari bai iya magana ba, yana ta zuba Faransanci. Wannan ne ya kai shi ga hanyar koyarwar da ya wallafa a 1880. A shekarar 2000 kuma wani malamin Turanci, Scott Thornbury, ya kira malamai su shiga aji ba tare da tulin littattafai da takardu ba, su gina darasi kan abin da ya fito daga bakin ɗalibai. Mai yiwuwa labarin wannan hanya ne ya iso maka.

Mu nan ba baƙin abin ba ne. Ɗan kasuwar kudu da ya kafa shago a Babbar Kasuwa, kafin ka ankara yana ciniki da Sakkwatanci. Direbobin da ke zirga-zirga tsakanin Illela da Ƙonni suna tsintar Faransancin da ke fitar da su. Dukkansu suna jin harshen kullum a kan abin da suke gani da ido, kuma suna da buƙatar da ba za ta biya ba sai sun buɗe baki. Ajinka ya rasa waɗannan biyun. Zaidu da Amru da ke cikin misalan nahawu ba su taɓa neman komai wurin yaro ba, don haka bai taɓa jin ƙaiƙayin ba su amsa ba.

Ga yadda abin yake a aikace. Ka shigo aji, ka tambayi yaro ina ya je jiya. Ya ce "ana zahaba ilas suƙi". Kada ka tare shi da gyara, domin in ka yi haka sauran za su kulle bakinsu. Ka amsa masa kamar yadda ake amsa wa mai ba da labari: "Zahabta ilas suƙi? Maza ishtaraita?" Ya ji siga daidai, zance kuma bai yanke ba. Ya sayo albasa bai san sunanta ba, sai ka ba shi "basal" ka rubuta a allo. Kalmar da mutum ya nema da kansa tana zama a kai fiye da wadda aka jero masa. Bayan minti ashirin allo ya cika da abin da yara suka so faɗa. A nan ne za ka ɗauko littafi. Ka buɗe babin fa'ili, inda aka jero "darabtu, darabna, darabta, darabti", ka nuna musu cewa wannan da suka haddace shi ne ya mayar da "ana zahaba" ya zama "zahabtu". Sai kowa ya juya ga na kusa da shi ya ba shi labarin jiyansa, sannan ya rubuta jumla biyar. Mako mai zuwa ka dawo da kalmomin nan cikin wata hira, in ba haka ba za su zube.

Wannan mataki na biyu shi ne masu son hira zalla ke yawan tsallakewa, kuma ban yarda da su ba. A Kanada, tun 1965 aka fara koya wa yara masu jin Turanci darussansu cikin Faransanci. Sun fito suna fahimta sosai, amma wata mai bincike, Merrill Swain, ta nuna a shekarun 1980 cewa kurakuran nahawu sun maƙale a maganarsu, saboda ba a matsa musu su yi dogon zance a kuma gyara musu ba. Ga Larabci lamarin ya fi nauyi. Iyayen yaran nan sun kawo su ne don su fahimci Alƙur'ani da hadisi da fiƙihu, kuma a garin da Shehu Usmanu, Abdullahi da Muhammadu Bello suka bar tarin littattafai da Larabci, babu mai hankalin da zai raina nahawu. Ga kuma jarabawa, wadda da alƙalami ake yin ta.

Sai abin da ke da wuyar faɗa. Wannan hanya tana dogara da harshen malami. Littafi yana rufa wa malami asiri, hira ba ta rufawa. Malamai da yawa masu zurfin ilmi ba su saba magana da Larabci ba, don ba a taɓa neman haka daga gare su ba. Shi ya sa aka kafa Ƙauyen Larabci na Ngala, da na Faransanci a Badagry, don ɗaliban jami'o'inmu su zauna cikin harshen. In kana jin nauyin baki, ka samu abokan aiki biyu ko uku ku riƙa zama bayan La'asar ba Hausa, ka kuma lizimci sauraren labarai da Larabcin fusaha, wato na littafi, a rediyo ko waya.

In ajin yana da yawa, ka raba su bibbiyu ko uku-uku kana zagayawa. Za su riƙa zamewa zuwa Hausa, kada ka sa tara ko bulala, ka tambayi yaro abin da yake son faɗa ka ba shi da Larabci. Masu kunya, ka bar su su fara da abokan zamansu kafin gaban aji. Ka sanar da shugaban makaranta da iyaye tun farko, domin za a tambaye ka shafi nawa aka kai, littafin rubutun yara kuwa shi ne shaidarka. A jarabawar ƙarshen zango ka ware maki na magana, ko da minti uku ne ga kowane ɗalibi, kuma ka faɗa musu haka tun ranar farko.